Yadda ake gano lalacewar tof silinda na alminiyom da yadda ake gyara shi

Yawancin motocin da ke yawo a titunanmu, Corolla ne ko Camry ko Accord ko Golf, tof silindansu, wato murfin saman inji da ke rufe silindu, na alminiyom ne. Masu ƙera motoci sun koma gare shi ne saboda ba shi da nauyi, kuma yana sakin zafi da sauri. Sai dai yana da nasa raunin. Idan ya ji wuta yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfen zubi ke buɗewa, kuma zafin da ya wuce kima yana rage masa tauri, ba ya kuma dawowa da kansa. Shi ya sa tafasa guda ɗaya a cikin zafin watan Afrilu ta isa ta lanƙwasa shi, ko ta tsaga shi, ko ta kwance mazaunin bawul.

Abin da ya fi jawo asara a wannan aiki shi ne gaggawa. A kwance tof, a kai shi a aske fuskarsa, a sa sabon gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin tof da bulok ɗin inji, a ɗaure, a sallami mai mota. Bayan 'yan makonni mota ta dawo tana shan ruwa kamar da. Aski mataki ne na kusa da ƙarshe. Kafin a kai gare shi sai an tabbatar tof ɗin ba shi da tsaga, bai yi laushi ba, kuma gadon kamshaf ɗinsa, wato inda sandar da ke buɗe bawuloli ke kwanciya, a miƙe yake.

Kafin ka ɗauki sifana

Ba kowace mota mai ɗaukar zafi ce tof ɗinta ya lalace ba, don haka fara da gwaji tun injin yana haɗe. Alamomin da suka fi yawa su ne ruwan lagireto yana raguwa alhali babu ɗiga a ƙasa, farin hayaƙi mai kauri yana fita ta salansa ko bayan inji ya yi zafi, inji yana rawa da safe na 'yan daƙiƙoƙi sannan ya daidaita, da tiyon lagireto na sama yana yin tauri jim kaɗan bayan an tayar da inji mai sanyi. Wannan ta ƙarshen alama ce mai ƙarfi, domin ruwan da bai yi zafi ba ba shi da dalilin matse tiyo, sai dai in iskar cikin silinda ce ke kutsawa hanyar ruwa. Duba baƙin mai kuma. Idan ya koma kalar shayi mai madara a jikin sandar awo, ruwa ya shiga cikinsa, kuma kada a sake tayar da injin haka, don metal ɗin kiranshaf, wato ɓawon ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kai, shi ne zai biya kuɗin.

Da inji a sanyaye, buɗe murfin lagireto, cika shi da ruwa, ka tayar. Kumfa mai fitowa a jere ba tsayawa, wadda ke ƙaruwa idan an taka totur, tana nuna iskar ƙonewa ce. Akwai gwajin da ya fi wannan tabbas: wani shuɗin ruwa ne da ake zubawa a cikin ɗan bututun gilashi, a ɗora a bakin lagireto, a zuƙo iskar da ke saman ruwan ta ratsa shi. Idan akwai hayaƙin inji a ciki, shuɗin yana komawa rawaya a injin fetur, ko kore a na dizal. Kada dai ka bari ruwan lagireton kansa ya shiga bututun, zai ɓata sakamakon.

Daga nan cire fulogai duka ka jera su yadda suka fito. Fulogin da ya fita fes ya fi 'yan uwansa tsabta, shi ne na silindar da ruwa ke shiga, tururi ne ya wanke shi. Sannan ka auna kwamfireshan. A injin 1ZZ-FE na Corolla mai lita 1.8, kada wata silinda ta gaza bar 10 (bar ma'aunin matsi ne), kuma bambanci tsakaninsu kada ya wuce bar 1. Idan silinda biyu maƙwabta ne suka faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Idan ɗaya ce kawai, zuba mata ɗan baƙin mai ta ramin fulogi ka sake aunawa. In awon ya tashi, zoben fistin ne. In bai motsa ba, matsalar tana sama, bawul ko gaskit ko tsaga. Mai famfon gwada lagireto zai iya hura hanyar ruwa zuwa matsin da aka rubuta a murfin, yawanci bar 0.9 ko 1.1, ya bar ta na ɗan lokaci, sannan ya leƙa ramukan fulogi da tocila ya ga inda ruwa ya taru.

Kwancewa

Bari inji ya huce sarai, ya fi kyau ya kwana. Kwance notunan tof alhali ƙarfen yana da zafi yana iya lanƙwasa tof ɗin da lafiyarsa ƙalau. Cire kan batir, juye ruwa da baƙin mai, kawo fistin na ɗaya sama, ka tabbatar alamomin tayimin sun hau kafin ka cire bel ko cen. Ɗauki hoto da waya, zai yi maka amfani ranar haɗawa.

Murafen kamshaf ana sassauta su kaɗan-kaɗan a zagaye, domin sifirin bawul na tura kamshaf ɗin sama, kuma in aka saki gefe ɗaya gaba ɗaya yana iya karyewa. Kowane murfi yana da lamba da kibiya, kuma ba a musanya su, don a jikin tof ɗin aka huda su tare. Notunan tof kuwa daga waje ake farawa zuwa tsakiya, a giciye, cikin zagaye biyu ko uku. Ka lura da yadda kowane noti ke kwancewa a hannunka. Wanda ya zo a sake ba tare da ƙarfi ba, ko ya fito da ɓurɓushin alminiyom a tiredinsa, yana gaya maka tiredin bulok ya cinye. Wannan sanannen ciwo ne a injin 2AZ-FE na Camry ta shekarun 2002 zuwa 2006, musamman notunan tsakiya na ɓangaren da iska ke shiga. A irin wannan, ko sabon tof ka sa ba zai riƙe ba sai an dasa wa bulok ɗin sabon tiredin ƙarfe.

Idan tof ya ƙi tashi, kada ka cusa sukudireba tsakaninsa da bulok. Ƙarzane ɗaya a wannan fuskar hanya ce ka buɗe wa ruwa. Sake dubawa ko akwai ƙaramin notin da ka manta a gefen tayimin, sannan ka bubbuga da gudumar roba. Ajiye shi a kan katako ko kwali, ba a kan siminti ko yashi ba. Bawuloli da sifirin da kofunansu kuma a huda kwali a jera su da lamba, kowane ya koma raminsa.

Tsohon gaskit da wanki

Kada ka yar da tsohon gaskit kafin ka karanta shi. Zoben ƙarfen da ke kewaye da kowace silinda shi ne abin dubawa. Inda ya yi baƙi ko ya ƙone, nan wuta ta bi. Idan ƙunar tana tsakanin silinda ta biyu da ta uku, yawanci tof ɗin ya gantsare a tsakiya. Idan kuwa gaskit ɗin lafiya lau yake ko'ina amma mota tana shan ruwa, to ka sa ran tsaga, kuma kada ka yarda a ɗaura tof ɗin ba tare da gwajin matsin da za a bayyana a gaba ba.

Wajen wanki mutane da yawa ke lalata tof da hannunsu. Soda mai ci, wadda ake dafa ƙarfen zubi a ciki, tana cinye alminiyom, kada ta kusance shi. Burushin waya na injin gurza da faifan goge-goge da ake ɗaura wa dirila su ma haramun ne a fuskar gaskit. Suna cin ƙarfen ba daidai ba, suna barin kwari da tudu da ido ba ya gani, ga kuma yashinsu da ke shiga hanyar mai ya je ya cinye metal. Yi amfani da makankarin roba, da kananzir, da maganin narkar da gaskit, sannan ruwan zafi da sabulu, ka busar da iska. A cire baƙin da ya daskare a ramin ƙonewa tas, don tsaga a ƙarƙashinsa take ɓuya.

Awon lanƙwasa

Kana buƙatar miƙaƙƙen ƙarfen awo na gaske, wanda aka yi don wannan aikin, da fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara masu kauri daban-daban. Rula ko gilashin taga ba za su yi ba, domin kuskuren da ke jikinsu ya fi abin da kake nema girma. Kifa tof fuskarsa sama, ɗora ƙarfen a tsaye a kan gefensa, ka gwada cusa fila a ƙarƙashinsa. Auna ta tsawo a layi uku, gefe da gefe da tsakiya, sannan a giciye daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, sannan ta faɗi a tsakanin kowace silinda. Filar da ta fi kauri da ta shige, ita ce girman lanƙwasar.

Iyakar ƙanƙanuwa ce. Toyota ta sa milimita 0.05 a injin 1ZZ-FE. Honda ma a injinan K20 da K24 ta ce ƙasa da 0.05 ba ya buƙatar aski, tsakanin 0.05 da 0.2 a aske, kuma jimillar abin da za a cire kada ya wuce 0.2 daga tsayin tof na milimita 104. Kowane inji yana da nasa adadin a littafin gyaransa, kuma shi ne abin bi. Auna fuskar bulok ma da wannan ƙarfen, musamman in shi ma na alminiyom ne, haka nan fuskokin da manifol ke zama.

Ga abin da ake yawan tsallakewa. Idan tof ya gantsare, ba fuskar ƙasa kaɗai ta lanƙwashe ba, dukkan jikinsa ne, har da gadon kamshaf da ke sama. Cire bawuloli, shafa mai, kwantar da kamshaf a gadonsa, ɗaura murafen da ƙarfin da aka ƙayyade, ka juya shi da yatsu. Ya kamata ya juya sumul. In yana cijewa a wani wuri, aske ƙasa ba zai warkar da shi ba. Za ka samu fuska a miƙe da kamshaf a matse, wanda zai cinye gadonsa ko ya karye a hanya.

Neman tsaga

Gwajin maganaɗisu da ake yi wa ƙarfen zubi ba ya aiki a nan, don alminiyom ba ya kama maganaɗisu. Hanyoyi biyu ne. Ta farko jan fenti mai kutsawa, wanda ke zuwa gwangwani uku: na wanki, na jan, da na farar hoda. Wanke wurin ya bushe, fesa jan, ka bar shi minti 15 zuwa 30 ya shige duk wata kafa. Goge na saman da tsumman da aka ɗan jiƙa da ruwan wankin. Kada ka fesa ruwan wankin kai tsaye, zai wanke har wanda ya shiga cikin tsagar. Sannan fesa farar hodar siririya, ka jira kamar minti 10. Tsaga za ta fito jan layi a kan fari, ƙananan ramuka kuma su fito ɗigo-ɗigo.

Wuraren da za ka fi zuba ido su ne siririyar gadar da ke tsakanin mazaunan bawul, tsakanin ramin fulogi da mazauni, cikin hanyar hayaƙi a bayan bawul, da kewayen ramukan noti. A injinan dizal na da, irin 1KZ-TE na Hilux da Prado, tsagar kan tashi daga ƙaramin ɗakin ƙonewa ta nufi bawul. Amma ba kowace tsaga ce hukuncin kisa ba. Volkswagen ta yarda a ci gaba da amfani da tof na wasu injinanta masu 'yar tsaga tsakanin mazaunan bawul matuƙar faɗinta bai wuce milimita 0.5 ba. Abin tambaya shi ne ko ta kai ga ruwa.

Hanya ta biyu ce ke amsa wannan, wato gwajin matsi. Ana toshe duk ramukan ruwa da faranti da roba, a hura iska bar 2 zuwa 3, a nutsar da tof ɗin a cikin tankin ruwan zafi mai kimanin digiri 70 zuwa 80, a jira kumfa. Zafin ruwan yana da muhimmanci, domin akwai tsagar da ke rufe bakinta a sanyi, sai ƙarfe ya buɗe take yoyo. A cikin hanyoyin biyu, wannan gwajin ne kaɗai ke kama tsagar da ke can ciki inda fenti ba ya kaiwa. Duk tof ɗin da ya taɓa tafasa sosai ya cancanci a yi masa, haka ma wanda aka sayo na hannu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, don ba ka san abin da ya raba shi da motarsa ba.

Tauri, da yanke shawara

Ana gasa tof na alminiyom a masana'anta don ya yi tauri. Idan ya daɗe a zafin da ya haura digiri 200, wannan taurin yana fara zubewa. Tof mai laushi ba ya riƙe ɗauri: za ka ɗaure shi daidai, ƙarfen ya lotsa a ƙarƙashin notuna, matsin gaskit ya ragu, ya sake ƙonewa. Shagunan da ke da na'urar gwada tauri suna aunawa a tsakanin silindu, a kwatanta da gefen da bai sha wuta ba. In babu na'ura, duba mazaunin wasan noti, wato zoben da ke ƙarƙashin kan noti. Idan wasa ya nutse ya bar gurbi mai zurfi, ko zoben gaskit ya yi rami a fuskar da farce ke kamawa, ko mazaunin bawul ya motsa da kansa, tof ɗin ya yi laushi.

A nan ake tsayawa a yi lissafi. Tof mai laushi, ko mai tsagar da ta ratsa gadon kamshaf, ko wanda aka riga aka aske har ya kai iyaka, canji ne maganinsa. Ga motocin da kayansu suka cika kasuwa, sau da yawa tof na hannu da ya ci gwajin matsi ya fi walda arha da kwanciyar hankali. Walda da miƙarwa suna da riba ne a kan tof mai tsada ko mai wuyar samu.

Miƙarwa da walda

Idan lanƙwasar ta yi yawa ko kamshaf na cijewa, miƙarwa ake fara yi. Ana ɗora tof a kan faranti mai kauri na ƙarfe, a sa siraran ƙarafa a ƙarƙashin bakinsa biyu masu kaurin kusan rabin lanƙwasar, a ɗaure tsakiyar ƙasa da notuna, a sa a tanda mai digiri 230 zuwa 260 na awa huɗu zuwa shida, a bar shi ya huce a ciki sannu a hankali. Wannan zafin ya riga ya shiga inda ƙarfen ke fara laushi, saboda haka aikin mai tanda mai ma'aunin zafi ne. Gasa tof da wutar gas ko a kan gawayi da ƙiyasin ido kashe shi ne.

Waldar tof kuwa ta argon ce, da injin TIG a kan wutar AC. Dalili shi ne alminiyom yana narkewa a digiri 660, amma fatar da ke rufe shi da zarar ya sha iska sai ta haura digiri 2,000 take narkewa, kuma wutar AC ce ke fasa wannan fatar. Waldar karbaid ta bakin titi ba ta da wuri a ramin ƙonewa, haka ma gam mai haɗi biyu.

Shirin ya fi waldar kanta muhimmanci. Idan tsagar ta taɓa mazaunin bawul, a cire mazaunin tukuna. A huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, sannan a bi ta da haƙorin kabaid ana sassaƙewa har a kai ƙarshen zurfinta, a sake fesa jan fenti a tabbatar babu saura. Dutsen gurza bai dace ba, yana cusa datti a cikin ƙarfen. Walda a saman tsagar da ba a tono ba rufe ido ne kawai, za ta sake ɓullowa. A goge da burushin ƙarfe marar tsatsa wanda bai taɓa taɓa baƙin ƙarfe ba, a wanke da asiton. Kada a wanke da maganin birki mai sinadarin kulorin, domin idan wutar walda ta taɓa shi yana fitar da iska mai guba.

A ɗumama tof ɗin gaba ɗaya zuwa digiri 150 ko 200. Wannan yana fitar da man da ƙarfen ya sha shekara da shekaru, kuma yana hana sabuwar tsaga a gefen waldar. Sandar ciko ita ce 4043 ko 4047, masu silikon, waɗanda suka dace da ƙarfen zubin tof. Sandar 5356 ba a yi ta don wurin da ke zama cikin zafi ba. In baƙin datti ya taso a cikin narkakken ƙarfen, a tsaya a sassaƙe shi a sake. Bayan an gama a lulluɓe shi ya huce a hankali, ba a zuba masa ruwa, sannan a maimaita gwajin matsi. Haka ake cike ramukan da ruwa ya ci a kewayen hanyoyin ruwa, in sun matso kusa da zoben gaskit.

Bawul da mazauninsa

Mazaunin bawul zoben ƙarfe ne mai tauri da aka matsa cikin alminiyom, ya fi raminsa faɗi da kimanin milimita 0.1. Wanda ya saki yana iya faɗowa ya farfasa fistin. Wajen sa sabo, ana gyara ramin, a ɗumama tof, a sanyaya zoben, a buga shi a miƙe. Amma kafin a yanka mazauni a duba bututun da sandar bawul ke bi, domin daga shi ake ɗaukar tsakiya. A injinan Toyota da yawa iyakar wasan sanda a cikin bututu milimita 0.08 ce a bawul na shiga, 0.10 a na fita, kuma ana ɗumama tof zuwa digiri 80 zuwa 100 kafin a fitar da bututun don kada ya yago ramin.

Fuskar mazauni digiri 45 ce, kuma faɗin inda bawul ke taɓawa a 1ZZ-FE milimita 1.0 zuwa 1.4 ne. In ya yi faɗi da yawa ba ya rufewa da ƙarfi, in ya yi siriri bawul na fita ba ya samun inda zai sauke zafinsa sai ya ƙone. A niƙa kowane bawul a mazauninsa da man niƙa har zobe mai launin toka ya zagaye ba yankewa, a wanke man tas. Haɗa sifirin, jingine tof a gefe, zuba kananzir a hanyoyin shiga da fita, ka jira 'yan mintoci. Inda ya jiƙe ta cikin ramin ƙonewa, a sake. Robobin bawul kuwa sababbi ake sawa ko da tsofaffin sun yi kyau a ido, zafin da ya lanƙwasa ƙarfe bai bar roba ba.

Tiredin da ya cinye

Ramin fulogi ne ya fi cinyewa, saboda ɗaure shi da ƙarfin tsiya ko cire shi da zafi. Yawancinsu M14 ne mai taku 1.25. Gyaran da ke daɗewa shi ne a faɗaɗa ramin a dasa tiredin ƙarfe, kuma dunƙulallen hannun riga irin Time-Sert ya fi na waya irin Helicoil jure cirewa da mayarwa. Tsawonsa ya yi daidai da na fulogin, kada ya leƙo cikin ramin ƙonewa, don bakin da ya leƙo yana yin ja ya kunna mai kafin lokaci. Sitod ɗin manifol na hayaƙi da ya karye a ciki kuwa, ɗora noti a kansa ka cike tsakiyar da walda. Waldar ƙarfe ba ta kama alminiyom, zafin kuma yana sassauta tsatsar. Ya fi dirila aminci, don bakin dirila yana zamewa daga ƙarfe mai tauri ya faɗa cikin alminiyom mai taushi.

Aski

Sai yanzu ake aske fuska, bayan duk aikin da ke sa zafi ya ƙare. Ka ce wa mai injin ya cire mafi ƙanƙantar abin da zai share fuskar, kuma ya gaya maka nawa ya cire. Auna tsayin tof kafin da bayan. Duk abin da aka cire yana ƙara matsi a silinda, yana matso da bawul kusa da fistin, yana kuma ɗan jinkirta tayimin ɗin kamshaf saboda tazarar da ta ragu. A injin V6 a cire daidai wa daida a tof biyun. A dizal ana zaɓar kaurin gaskit ne bisa yadda fistin ke leƙowa saman bulok, shi ya sa ake yi masa ramuka ko yanka a gefe don a bambance.

Santsin fuskar ya danganta da gaskit. Na zamani mai faranti-faranti na ƙarfe yana son fuska mai santsi sosai. Ja farcenka a kai, in yana kama layukan injin, wannan gaskit ɗin zai yi yoyo. Goga tof a kan takardar yashi da aka shimfiɗa a ƙasa ba aski ba ne. Bayan an dawo da shi a sake wanke shi, a hura duk hanyoyin mai, domin ɓurɓushi yana maƙalewa a ciki.

Ɗaurawa

Share ramukan noti na bulok, ka hure su da iska har su bushe. Ruwa ko man da ya kwanta a gindin rami ba ya matsuwa, noti zai tsaya a kansa ya ba ka awon ƙarya, wani lokaci ma ya fasa bulok. Tabbatar ƙananan turakun da ke saita tof suna nan. Ɗora gaskit a bushe, fuskar da aka yi wa alama tana sama, ka duba ramin mai ya hau kan nasa. Kada a shafa masa gam ko giris. Inda littafi ya ce a ɗiga gam, kamar mahaɗar murfin tayimin, nan kaɗai za a sa.

Notunan injinan zamani irin masu miƙewa ne idan an ɗaure su, don haka sababbi sun fi, in kuma za a maimaita tsofaffi sai an auna su an ga ba su wuce iyaka ba. Shafa ɗan baƙin mai a tiredi da ƙarƙashin kai. Ɗauri daga tsakiya yake farawa ya yi waje a zagaye, da sifanar awo, mataki-mataki. A 1ZZ-FE notuna goma ne: a kai su Nm 49 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri a sifanar awo) cikin zagaye da yawa, a ɗiga fenti a gaban kowane kai, sannan a ƙara wa kowane juyi na digiri 90 bisa wannan jerin. Fentin ne zai nuna maka wanda ka tsallake. Ɗauri da bututu a ƙarshen sifana da ƙiyasin hannu shi ne ke cinye tiredin bulok. Idan ka haɗa tayimin, juya kiranshaf da hannu zagaye biyu cikakku, ka ga alamomi sun dawo daidai kuma babu inda ya tokare, sannan ka auna tazarar bawul.

Abin da ya tafasa injin tun farko

Gaskit da tof ba su cika mutuwa haka kawai ba. Nemo sanadin: lagireton da ya toshe, murfin da ba ya riƙe matsi, famfon ruwan da fukafukansa suka cinye, fankar da ba ta tashi, ko tiyo mai ɗiga. Mayar da tamostat idan an cire shi. Al'adar cire shi da sunan ƙasarmu da zafi ba ta da tushe. Na Toyota da yawa yana buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma a injina da dama shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi ta lagireto ba. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla shi ne ke cin alminiyom ya bar ramukan da ka gani a fuskar tof, ya kuma toshe lagireto da farin gishiri. Zuba ruwan sanyaya inji na gaske, wanda aka riga aka haɗa, ko a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa.

Sa sabon baƙin mai da filta kafin tayarwa. Buɗe hita gaba ɗaya, cika ruwa a hankali, ka fitar da iskar da ta maƙale, domin iskar da ta tsaya a cikin tof tana haddasa zafi a wuri ɗaya ko da allurar zafi na nuna daidai. Bar inji ya yi aiki a tsaye har fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, kana duba ɗiga. Kashe shi ya huce sarai, ka ƙara ruwa, ka yi alama a jikin robar ajiya. A makon farko a duba wannan alamar kowace safiya kafin a tayar da mota. Idan ruwa ya taɓa haɗuwa da mai, a sake canza baƙin mai da filta bayan 'yan kwanaki na tuƙi, sannan a maimaita gwajin shuɗin ruwan nan a bakin lagireto.